Gusar da Jerin Lambobi a Zagaye: Darasin Kwamfuta Daga Fannin Ilimin Halittu

1.0 Gabatarwa

Ma'ajiyar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, miƙaƙƙiya ce kamar layin ɗalibai a filin taro: akwai na farko, akwai na ƙarshe, kowa da matsayinsa. Amma da yawa daga cikin abubuwan da muke son adanawa a cikinta ba su da farko, ba su da ƙarshe. Ranakun mako zagayawa suke yi, haka watannin shekara, haka kuma layin masu kwasar adashi, inda wanda ya kwasa yau zai koma baya ya jira zagayowar rabonsa. A fannin ilimin halittu ma, sinadarin gado na DNA da ke cikin yawancin bakteriya zobe ne rufaffe, ba shi da baki.

Duk wanda zai rubuta zobe a kan layi, tilas ne ya zaɓi wurin da zai yanka shi. Idan kuwa daga baya ya ga wurin bai dace ba, sai ya gusar da dukkan abin da ya rubuta, ta yadda abin da ya fita ta wannan baki zai shigo ta wancan. Wannan aiki shi za mu kira gusawar zobe. Maƙalar nan za ta bayyana ma'anarsa, da lissafin da ke ƙarƙashinsa, da hanyoyi biyar na aiwatar da shi, da kurakuran da masu koyo ke faɗawa ciki, sannan ta nuna inda masana ilimin halittu ke dogara da shi. Mai karatu ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya bi darasin. Takarda da fensir sun wadatar.

2.0 Mene Ne Jeri?

A fagen tsara manhaja, jeri shi ne rukunin gurabu da ke jere kusa da juna a ma'ajiya, kowane gurbi yana ɗauke da abu guda. Kowane gurbi yana da lambar matsayinsa. Harsunan kwamfuta irin su C da Java da Python suna fara ƙirgen gurabu daga 0, alhali Fortran da MATLAB sun saba farawa daga 1. A nan za mu fara daga 0, domin lissafin ya fi sauƙi a haka.

Mu ƙaddara wani ɗalibi ya kafa tarkon sauro a bayan ɗakin kwanan makaranta, yana ƙirga abin da ya kama kowace safiya daga Lahadi zuwa Asabar. Ga abin da ya samu, za mu kira shi jerin A:

12, 5, 30, 8, 21, 17, 9

Jerin yana da gurabu 7. A[0] shi ne 12, na ranar Lahadi. A[3] shi ne 8, na ranar Laraba. A[6] shi ne 9, na ranar Asabar. Sai malaminsa ya ce yana son teburin ya fara daga Laraba. Abin da ake bukata ke nan shi ne a gusar da jerin zuwa hagu da taki 3:

8, 21, 17, 9, 12, 5, 30

A lura da abubuwa biyu. Na farko, babu lambar da ta ɓata, babu wadda aka ƙaro. Na biyu, maƙwabtaka ba ta canza ba: 21 na nan bayan 8, kuma 12 ta biyo bayan 9 kamar yadda Lahadi ke biyo bayan Asabar. Wurin da aka yanka zoben ne kaɗai ya sauya.

3.0 Lissafin Saura

Ginshiƙin wannan aiki shi ne saura, wato abin da ya rage bayan an yi rabawa. Idan aka raba 9 da 7, saura 2. Idan aka raba 7 da 7, saura 0. A harshen Pascal ana rubuta wannan da kalmar mod, a C da Python kuwa da alamar %.

Kowa yana yin wannan lissafi ba tare da ya sani ba. Idan yau Laraba ce, wace rana za ta kasance bayan kwana 100? Laraba ita ce gurbi na 3. A haɗa 3 da 100, a samu 103. A raba 103 da 7, za a samu 14, saura 5. Gurbi na 5 kuwa Juma'a ce.

To, idan jerin A yana da gurabu n, aka gusar da shi hagu da taki k aka samu jerin B, ƙa'idar ita ce:

B[i] = A[(i + k) mod n]

Mu jarraba da n = 7 da k = 3. Ga gurbi na 0: 0 + 3 = 3, saboda haka B[0] = A[3] = 8. Ga gurbi na 4: 4 + 3 = 7, saura 0, saboda haka B[4] = A[0] = 12. Ga gurbi na 6: 6 + 3 = 9, saura 2, saboda haka B[6] = A[2] = 30. Duka sun yi daidai da abin da muka rubuta a sama.

Daga wannan ƙa'ida abubuwa uku ke fitowa. Gusawa da taki n tana mai da jeri yadda yake, kamar yadda bayan kwana 7 ake dawowa rana ɗaya. Saboda haka gusawa da taki 24 a jeri mai gurabu 7 daidai take da gusawa da taki 3, tun da 24 mod 7 = 3; mai hikima yakan rage k tun kafin ya fara aiki. Daga ƙarshe, gusawa hagu da taki k daidai take da gusawa dama da taki n − k. Hagu da 3 a jerinmu shi ne dama da 4. Wanda ya iya ɗaya ya iya ɗayar ke nan.

4.0 Hanyoyin Aiwatarwa

4.1 Taki Ɗaya-Ɗaya

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a koyi gusawa da taki ɗaya, sannan a maimaita ta sau k. Matakan su ne:

(a) A ɗauki abin da ke A[0] a ajiye shi a wani gurbi na gefe.
(b) A zuba A[1] a A[0], A[2] a A[1], haka har a zuba A[n − 1] a A[n − 2].
(c) A ɗauko abin da aka ajiye a gefe a zuba shi a A[n − 1].

Mataki na (a) shi ne ran aikin. A kwamfuta, zuba sabon abu a gurbi yana shafe tsohon nan take, kuma ba ya dawowa. Wanda ya manta da gurbin gefe, da zarar ya zuba 5 a A[0], 12 ta tafi. Idan ya kai ƙarshe ya ce a zuba A[0] a A[6], abin da zai samu shi ne 5, 30, 8, 21, 17, 9, 5. Sauron ranar Lahadi ya ɓace, na Litinin ya fito sau biyu, kuma kwamfutar ba za ta yi masa gargaɗi ba.

Aibin wannan hanya shi ne jinkiri. Kowane taki yana buƙatar zubi kimanin n, saboda haka taki k yana buƙatar kimanin n sau k. A jeri mai gurabu 7 wannan ba komai ba ne. Amma a shekarar 1997, masana a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Frederick Blattner, sun wallafa cikakken jerin haruffan gado na bakteriyar Escherichia coli nau'in K-12, mai haruffa 4,639,221. Idan aka so gusar da wannan jeri da taki 2,000,000 ta wannan hanya, za a yi zubi fiye da tiriliyan 9. Ko da na'urar tana yin zubi biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ta shafe fiye da awa biyu da rabi.

4.2 Jeri Na Biyu

Hanya ta biyu ita ce a buɗe sabon jeri B mai gurabu n, a cika shi kai tsaye da ƙa'idar da muka gani a sashe na 3.0. Kowace lamba sau ɗaya ake taɓa ta, zubi n ke nan, kuma babu fargabar shafe komai tun da ba a rubutu a kan A. A harshen Python layi ɗaya ya isa:

B = A[k:] + A[:k]

Ma'anarsa: a ɗauki daga gurbi na k zuwa ƙarshe, a liƙa masa daga farko zuwa gab da gurbi na k. Farashin wannan sauri shi ne ma'ajiya, domin sai an tanadi gurabu ninki biyu. Idan jerin ƙarami ne, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa, domin ta fi wuyar kuskure. Idan kuwa jerin ya kusa cika ma'ajiyar, ko ana aiki da ƙaramar na'ura irin wadda ke cikin ma'aunin zafi, sai a nemi wata dabara.

4.3 Juyi Uku

Wannan hanya ba ta buƙatar jeri na biyu, kuma ba ta da jinkiri. Juya jeri shi ne a mai da na farko ƙarshe, na ƙarshe farko, ta hanyar musanya na bakin hagu da na bakin dama ana matsowa tsakiya. A raba jerin gida biyu: lambobi k na farko, da sauran.

12, 5, 30 | 8, 21, 17, 9

Juyi na ɗaya, a juya ɓangaren farko: 30, 5, 12 | 8, 21, 17, 9
Juyi na biyu, a juya ɓangare na biyu: 30, 5, 12 | 9, 17, 21, 8
Juyi na uku, a juya jerin baki ɗaya: 8, 21, 17, 9, 12, 5, 30

Me ya sa hakan ke aiki? Juya jeri baki ɗaya yana haifar da abu biyu a lokaci guda: yana musanya matsayin ɓangarorin biyu, wanda shi muke so, yana kuma birkita tsarin cikin kowane ɓangare, wanda ba ma so. Tun da mun riga mun birkita cikin kowane ɓangare sau ɗaya, birkitawa ta biyu sai ta mai da shi daidai. Abin da ya rage shi ne musanyar matsayi kaɗai.

A misalinmu an yi musanya 1 a juyi na ɗaya, 2 a na biyu, 3 a na uku, jimla 6. A dunƙule, yawan musanyar ba ya wuce n. Aikin E. coli da ya ci awa biyu da rabi a hanyar farko zai ƙare a nan cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Masanin kwamfuta Jon Bentley ya yi bayanin wannan dabara a littafinsa Programming Pearls na shekarar 1986, kuma har yau ana koyar da ita a matsayin misalin yadda tunani kaɗan ke rage aiki mai yawa.

4.4 Tsalle-Tsalle

Hanya ta huɗu tana kai kowace lamba gurbinta na ƙarshe da zubi ɗaya tak. A ajiye A[0] a gefe. Gurbi na 0 ya zama fanko, sai a cika shi da A[k]. Yanzu gurbi na k ne fanko, sai a cika shi da abin da ke taki k gaba da shi, ana amfani da saura idan an wuce baki. Haka za a yi ta tsalle har a dawo inda aka fara, sai a zuba abin da ke gefe a fankon ƙarshe.

A jerinmu mai gurabu 7 da taki 3, tsallen zai bi gurabu 0, 3, 6, 2, 5, 1, 4, sannan ya dawo 0. An ziyarci duka bakwai, aiki ya kammala. Amma a duba wannan jeri mai gurabu 6, da taki 2:

10, 20, 30, 40, 50, 60

Tsallen zai bi 0, 2, 4, ya dawo 0. Sakamakon shi ne 30, 20, 50, 40, 10, 60. Rabin aikin kaɗai aka yi. Dole a sake wani zagaye daga gurbi na 1, a bi 1, 3, 5, kafin a samu 30, 40, 50, 60, 10, 20.

Yawan zagayen da ake buƙata shi ne lamba mafi girma da ke raba n da k duka biyu ba tare da saura ba. Ga 7 da 3, lambar ita ce 1. Ga 6 da 2, ita ce 2. Hanyar gano wannan lamba tana cikin littafin lissafi na Yuklid, masanin Girka da ya rayu a birnin Iskandariyya kimanin shekara 300 kafin Miladiyya: a raba babbar lamba da ƙarama, a ɗauki sauran a raba ƙaramar da shi, a ci gaba har saura ya zama 0, saura na ƙarshe da ba 0 ba shi ne amsa. Darasin da ke nan babba ne. Ɗalibin da ya jarraba manhajarsa da 7 da 3 kawai zai ɗauka ta yi daidai, alhali za ta lalata jeri mai gurabu 6. Gwaji da misali ɗaya ba ya zama hujja.

4.5 Kada a Motsa Komai

Hanya ta biyar ita ce a bar jerin yadda yake, a riƙe lamba ɗaya kawai, s, mai nuna inda farkon yake a yanzu. Duk lokacin da aka nemi abu na i, sai a ɗauko A[(s + i) mod n]. Gusawa da taki k ta zama ƙara k a kan s kawai. Haka na'urorin da ke adana ma'aunin awa 24 da suka wuce sukan yi: sabon ma'auni ya hau kan mafi tsufa, alamar farko ta matsa gaba da taki ɗaya. Masu adashi ma ba sa sake rubuta sunaye kowane mako. Tunawa kawai suke yi da wanda kwasa ta zo kansa.

5.0 Wuraren Tuntuɓe

Ban da mantawa da gurbin gefe, akwai kurakurai uku da ya kamata a kiyaye.

Na ɗaya, alkiblar zubi. A gusawa dama da taki ɗaya, daga ƙarshe ake farawa a yo baya. Wanda ya fara daga farko zai zuba 12 a A[1], ya ɗauki wannan 12 ya zuba a A[2], har jerin duka ya zama 12.

Na biyu, lambar da ke ƙasa da sifiri. Harsunan kwamfuta sun saɓa a kan sauranta. A Python, −1 % 7 yana ba da 6. A C da Java kuwa yana ba da −1, kuma babu gurbi mai wannan lamba. Maganin shi ne a rubuta ((k % n) + n) % n, wanda kullum yake ba da amsa tsakanin 0 da n − 1.

Na uku, jerin da babu komai a cikinsa. Idan n = 0, neman saura rabawa ce da sifiri, kuma manhajar za ta tsaya cak. A binciki wannan tun a layin farko.

Harsuna da dama sun tanadi wannan aiki a shirye: CSHIFT a Fortran 90, circshift a MATLAB, rotate a C++, da roll a kunshin NumPy na Python. Sai dai ba su haɗu a kan alkibla ba. CSHIFT yana gusawa hagu idan an ba shi 1, alhali roll yana gusawa dama. Kafin a dogara da kowannensu, a jarraba shi da 1, 2, 3 a ga abin da zai fito.

6.0 Zobe a Cikin Halitta

Sinadarin DNA sarƙa ce ta ƙananan sinadarai huɗu da ake wa laƙabi da haruffan A, C, G, T. A wurin kwamfuta kowane harafi lamba ce, saboda haka jerin haruffan gado jerin lambobi ne, kuma duk abin da muka faɗa a sama ya shafe shi.

6.1 Wurin Yanka da Ya Ɓuya

Filasmid ƙaramin zoben DNA ne da bakteriya ke ɗauke da shi ban da babban zobenta, kuma sau da yawa a kansa ne ƙwayoyin gadon bijire wa magunguna ke ƙaura daga wata bakteriya zuwa wata. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su a ɗakin gwaji shi ne pBR322, wanda aka haɗa a shekarar 1977 a Kalifoniya. Yana da haruffa 4,361, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin gadon bijire wa ampicillin da tetracycline.

Akwai wani sinadari mai yanka DNA da ake kira EcoRI, wanda ke yanka duk inda ya tarar da haruffa shida GAATTC. A pBR322 wuri ɗaya tak ne ke da waɗannan haruffa, kuma daga tsakiyar wurin aka fara ƙirgen zoben. Saboda haka rubutaccen jerin yana farawa da TTC, ya ƙare da GAA. Manhajar da ta ɗauki jerin a matsayin miƙaƙƙen layi za ta bincika daga farko har ƙarshe ta ce babu GAATTC, alhali duk wanda ya zuba sinadarin a kwalbar gwaji zai ga ya yanka zoben. Gusawa dama da taki 3 ta isa ta fito da wurin fili.

6.2 DNA na Maitokondiriya

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai ƙananan sassa masu samar da ƙarfi, maitokondiriya, kuma suna da nasu zoben DNA wanda mutum ke gada daga mahaifiyarsa. An fara karanta shi gaba ɗaya a shekarar 1981 a Kambirij ta Ingila, a ɗakin binciken Frederick Sanger, aka kuma gyara karatun a 1999. Ana ƙirga shi daga 1 zuwa 16,569.

Yankin da ya fi bambanta tsakanin mutum da mutum, wanda ake dubawa wajen bin salsalar dangi ta wajen uwa da kuma gane gawarwaki, ya faɗo daidai kan mahaɗar. Yana farawa daga harafi na 16,024, ya ratsa ƙarshe, ya ci gaba daga 1 zuwa 576, jimlar haruffa 1,122. Na'urorin karanta DNA na zamani gutsure-gutsure suke karantawa, sannan manhaja ta nemo wa kowane gutsure wurinsa. Gutsuren da rabinsa ke ƙarshe rabinsa ke farko ba zai sami wurin zama sosai ba. Dabarar da masana a Cibiyar Broad ta Amurka suka bi ita ce su tanadi kwafi na biyu da aka gusar da taki 8,000. A wannan kwafi harafi na 16,024 ya koma na 8,024, harafi na 576 kuma ya koma na 9,145, yankin ya zauna a tsakiya ba tsinkewa. Bayan an gama bincike sai a mai da lambobin zuwa ƙirge na asali da lissafin saura.

6.3 Ƙwayoyin Cuta

Bairus ɗin da ke haddasa ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana da zoben DNA mai haruffa kimanin 3,200, kuma mafi tsawon ƙwayoyin gadonsa ta ratsa mahaɗar ƙirgen da aka saba amfani da shi. Haka kuma bairus ɗin da ke sa zane-zane a ganyen masara zobe ne mai haruffa kimanin 2,700, na dabbare-dabbaren ganyen rogo kuwa zobba biyu ne, kowanne kimanin 2,800. Idan ɗakunan bincike biyu suka karanta bairus ɗaya amma kowa ya yanka zoben a wuri daban, rubutunsu zai bambanta tun daga harafin farko, har a zaci sabon nau'i ne ya ɓulla.

6.4 Yadda Ake Gane Zobe Ɗaya

Akwai gwaji mai sauƙi. A ce ɗakin farko ya samu ATGCCTAG, na biyu ya samu CCTAGATG. A tabbatar tsawonsu ɗaya ne. Sannan a rubuta na farkon sau biyu a jere: ATGCCTAGATGCCTAG. Idan na biyun yana cikin wannan, to zobe ɗaya ne. A nan yana ciki, daga gurbi na 3. Dalili kuwa shi ne, rubutawa sau biyu daidai yake da zagaya zoben sau biyu, kuma duk inda aka yanka shi, cikakken zagaye ɗaya zai faɗo a ciki.

Masanin halittu yana da ƙarin aiki. DNA igiya biyu ce da ke fuskantar juna, A tana haɗuwa da T, C tana haɗuwa da G, kuma ana karanta su ta alkibla mabambanta. Abokiyar igiyar ATGCCTAG ita ce CTAGGCAT. Wannan ba ta cikin jerin da muka ninka, amma zoben ɗaya ne. Saboda haka sai an yi gwajin sau biyu, ɗaya da kowace igiya.

Idan zobban suna da yawa, ya fi sauƙi a amince da wurin farawa guda. A zoben bakteriya sau da yawa akan fara daga ƙwayar gado mai suna dnaA, wadda ke kusa da inda kwafar zoben ke somawa. Inda babu irin wannan alama, akan zaɓi gusawar da za ta zo farko a tsarin ƙamus. Ga ATGCCTAG, ita ce AGATGCCT. A shekarar 1980 Kellogg Booth ya wallafa hanyar gano wannan gusawa cikin sauri, ba tare da an rubuta dukkan gusawar an gwada su ba.

7.0 Shawara Ga Malamai

Ana iya koyar da wannan darasi a ajin da babu lantarki. A zana gurabu 7 a ƙasa, a ƙara ɗaya a gefe. Ɗalibai 7 su tsaya a ciki, kowa riƙe da kati mai lamba. Doka ɗaya ce: mutum biyu ba sa tsayawa a gurbi ɗaya. Wani ɗalibi ya riƙa ƙirga motsi a allo. A gwada taki ɗaya-ɗaya, a gwada juyi uku, a gwada tsalle-tsalle, sannan a kwatanta ƙirgen. Daga nan a rage su zuwa 6 a ba su taki 2, a bar su su gano da kansu dalilin da ya sa zagaye ɗaya bai isa ba. Don sashe na 6.0, a rubuta haruffa a siririyar takarda, a liƙe bakunanta, a ba rukuni biyu su yanka a wurare daban su karanta wa juna.

8.0 Jinga

1. A gusar da 4, 9, 1, 7, 3, 8, 2, 6 hagu da taki 5 ta hanyar juyi uku, a nuna kowane juyi.
2. Jeri yana da gurabu 12. Gusawa hagu da taki 40 daidai take da gusawa dama da taki nawa?
3. Zagaye nawa hanyar tsalle-tsalle ke buƙata idan n = 12 kuma k = 8? A rubuta gurabun kowane zagaye.
4. A yi amfani da hanyar Yuklid a nuna cewa zagaye ɗaya ya isa idan n = 16,569 kuma k = 8,000.
5. Zoben TTCGGACTAGAA yana da wurin yankan EcoRI? A kawo hujja.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa gusawar zobe ta ginu ne a kan ƙa'ida ɗaya ta lissafin saura, kuma ana iya aiwatar da ita ta hanyoyi biyar da suka bambanta wajen sauri da cin ma'ajiya. Ƙaramin jeri ya fi dacewa da jeri na biyu. Babban jeri a ƙuntatacciyar ma'ajiya ya fi dacewa da juyi uku. Jerin da ake gusarwa a kai a kai kuwa gara a bar shi a riƙe alamar farkonsa. Mun kuma ga cewa a pBR322 da DNA na maitokondiriya, muhimmin wuri ya faɗo daidai kan mahaɗa, inda manhajar da ba ta san zobe take karantawa ba za ta ba da amsar da ba daidai ba ba tare da wani gargaɗi ba. Saboda haka, ɗalibin da aka ba jerin lambobi ya fara tambayar kansa: abin da jerin nan ke wakilta, layi ne ko zobe? Idan zobe ne, a ina aka yanka shi, kuma me ke kwance a kan mahaɗar?